Yadda ake kwafin rumbun bayanai zuwa sabar ta biyu ba tare da bayanan sun gurɓata ba

Idan ka buga `SHOW REPLICA STATUS` a MySQL ka ga `Replica_IO_Running` da `Replica_SQL_Running` duk sun ce Yes, abin da aka shaida maka kawai shi ne injin kwafin yana motsi. Ba a ce maka abin da ke cikin sabar ta biyu daidai yake da na ta farko ba. A nan yawancin ɓarna take ɓuya. Layi ɗaya ya ɓace a wannan tebur, lamba ɗaya ta bambanta a wancan, a yi wata da watanni babu wanda ya lura, sai ranar da babbar sabar ta mutu aka ɗora aiki a kan ta biyu.

Misalan da ke tafe na MySQL ne da PostgreSQL, manhajoji biyu na sarrafa rumbun bayanai. Sabar da ake rubutu a cikinta zan kira ta uwa, wadda ke kwafa daga gare ta kuma mabiyiya.

Mataki na 1: Yanke shawarar abin da za ka iya asara

Kowace uwa tana rubuta canje-canjenta a wani kundi, `binlog` a MySQL, `WAL` a PostgreSQL. Mabiyiya tana jawo kundin ta maimaita abin da ke ciki. A saitin da manhajojin biyu suke zuwa da shi, uwa ba ta jiran mabiyiya. Da zarar ta rubuta a faifanta sai ta ce wa manhajar da ta aiko da ma'amalar, wato rukunin canje-canjen da ke shiga tare ko su faɗi tare, an gama. Idan uwa ta mutu a wannan ɗan tsakanin, ma'amalar da aka riga aka ce wa mai ita ta shiga ba ta isa ko'ina ba.

In rumbun na ƙididdigar masu ziyartar shafi ne, asarar daƙiƙa biyu ba za ta hana kowa barci ba. In na kuɗi ne ko na odar kaya, sai a sa uwa ta jira. A PostgreSQL ana yin haka da `synchronous_standby_names` tare da `synchronous_commit`. Amma ka lura, idan mabiyiya ɗaya tal ka ambata kuma ta faɗi, rubutu a uwa zai tsaya cak yana jiranta. Shi ya sa ake tanadar biyu a rubuta `ANY 1 (s1, s2)`, wato amsar ko wacce daga ciki ta wadatar. MySQL kuwa nata tarkon daban ne: tsarinta na rabin-jira (`semi-sync`) yana jiran amsar mabiyiya na daƙiƙa 10 ne a saitin asali, in bai samu ba sai ya koma rashin jira, aiki ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Dole ka sa ƙararrawa a kan `Rpl_semi_sync_source_status`, in ba haka ba za ka zauna da kariyar da ta daɗe da cirewa.

Kafin ka wuce, duba `sync_binlog=1` da `innodb_flush_log_at_trx_commit=1` a MySQL, da `fsync=on` a PostgreSQL. Ana yawan sassauta su don neman sauri lokacin loda bayanai masu yawa, daga nan a manta.

Mataki na 2: Daidaita injinan biyu

Sigar manhaja, tsarin haruffa, yankin lokaci, `sql_mode`, duk su zama iri ɗaya. In za a sabunta MySQL, mabiyiya ake fara sabuntawa, uwa daga baya. Tsohon `utf8` na MySQL bayit uku kawai yake ɗauka ga kowane harafi, emoji kuwa huɗu yake buƙata, don haka a tsaya kan `utf8mb4` a ɓangarorin biyu.

Akwai wani rami a PostgreSQL da ya fi waɗannan zurfi. Jera kalmomi bisa haruffa, a mafi yawan girke-girke, ɗakin karatun `glibc` na Linux ne ke yi masa. A 2018 sigar 2.28 ta canza ƙa'idojin jerin sosai. Kwafi na zahiri yana ɗaukar fihirisa, wato jerin da rumbu ke bi don samun layi da sauri, yadda take a faifai, bayit da bayit. To idan uwa tana kan tsohuwar sigar, mabiyiya tana kan sabuwar, fihirisar da aka jera da tsohuwar ƙa'ida za a riƙa bincikenta da sabuwa. Sai ka nemi layin da ka san yana nan, mabiyiya ta ce babu. Ranar da ta zama uwa kuma, gurbin da aka ce kada a maimaita ƙima a cikinsa zai iya karɓar abu ɗaya sau biyu. Buga `ldd --version` a injinan biyu. In sun bambanta ta wannan iyaka, kada ka haɗa su da kwafi na zahiri. Yi amfani da kwafi na ma'ana, wanda ke aika layuka a sake gina fihirisa a can.

Mataki na 3: Mabuɗin asali ga kowane tebur, kuma a kwafi layi ba umarni ba

MySQL na iya rubuta `binlog` ta hanya uku: `STATEMENT`, `ROW`, `MIXED`. Ta farko umarnin SQL ɗin kansa take aikawa, mabiyiya ta sake gudanar da shi. Ɗauki wannan: `DELETE FROM saƙonni WHERE an_karanta=1 LIMIT 1000`. Babu `ORDER BY`. Uwa za ta goge dubun da ta fara cin karo da su, mabiyiya ma ta goge dubun da ta fara cin karo da su, kuma babu tabbacin dubu ɗaya ne. Ba kuskuren da zai fito, ƙidayar layuka ma za ta zo daidai. Haka `UUID()` da `SYSDATE()`, kowace sabar da amsar da za ta bayar. `ROW` kuwa sakamakon yake aikawa: layi kaza ya kasance haka, yanzu ya koma haka. Tun siga 5.7.7 shi ne saitin asali, amma tsofaffin fayilolin saiti da ake gada daga sabar zuwa sabar sukan zo da `STATEMENT` a ciki. Duba da idonka.

`ROW` yana da sharaɗinsa. Mabiyiya tana buƙatar gano layin da za ta canza, kuma da mabuɗin asali, wato ƙimar da ke bambanta kowane layi da sauran, take gano shi. Tebur mai layi miliyan goma da babu mabuɗi, aka goge dubu ɗari a ciki, uwa ta gama cikin ɗan lokaci, mabiyiya ta kwana tana laluben teburin. Kunna `sql_require_primary_key`, wanda ya zo a 8.0.13, don kada wani ya sake ƙirƙirar tebur haka. A kwafin ma'ana na PostgreSQL abin ya fi tsauri: teburin da aka saka cikin `PUBLICATION` ba shi da mabuɗi ko `REPLICA IDENTITY`, uwar da kanta za ta ƙi `UPDATE` da `DELETE` a kansa.

Mataki na 4: Kwafin farko

Kada ka kwashe jakar bayanai da `cp` ko `rsync` rumbu yana aiki. Fayil na farko da na ƙarshe ba za su zama na lokaci ɗaya ba, kuma sabar na iya tashi a kansu lafiya ƙalau alhali cikinta a karye yake.

A PostgreSQL `pg_basebackup -R -X stream` ya isa. A MySQL akwai XtraBackup na Percona, akwai manhajar `clone` da ta zo a 8.0.17, akwai kuma `mysqldump --single-transaction` ga ƙaramin rumbu. Wannan na ƙarshe teburan da ke kan injin ajiya na InnoDB kaɗai yake ba wa hoton lokaci ɗaya, na injin MyISAM ba sa ciki, kuma kada kowa ya gudanar da `ALTER TABLE` yana cikin aiki. Kunna GTID tun farko, wato lambar shaida ga kowace ma'amala, maimakon dogaro da sunan fayil da matsayi a cikinsa, inda kuskuren lamba ɗaya ke sa a tsallake ma'amala ko a maimaita ta. In hoton faifan uwa ka ɗauka ka tayar da mabiyiya da shi, goge `auto.cnf` kafin ka kunna ta don ta samu `server_uuid` nata, kuma ka canza `server_id`.

Mataki na 5: Kulle mabiyiya

Mafi yawan bambancin da ake samu tsakanin sabar biyu ba injin ne ya jawo shi ba. Mutum ne ya shiga mabiyiya yana zaton uwa ce, ko wani aikin dare da aka tsara ya yi rubutu a inda bai kamata ba. `read_only=ON` a MySQL ba ya hana mai babban izini, kuma mai babban izinin shi ne kai da abokan aikinka. Sa `super_read_only=ON`, ka rubuta shi a fayil ɗin saiti ko ka yi `SET PERSIST`, don kada ya gushe in an sake kunna sabar.

Da GTID za ka iya kama rubutun da ya riga ya shiga ta bayan gida. Ɗauki `gtid_executed` na mabiyiya da na uwa ka ba wa `GTID_SUBTRACT`. In wani abu ya rage a ɓangaren mabiyiya, ma'amala ce da uwa ba ta san da ita ba. Bincike ta yau. In ka bar ta har wannan mabiyiya ta zama uwa, sauran mabiya za su nemi ma'amalar, su gudanar da ita in tana nan, ko kwafinsu ya tsaya in an riga an share kundin da ke ɗauke da ita.

Mabiyiyar zahiri ta PostgreSQL ba ta karɓar rubutu ko an so. Ta ma'ana kuwa a buɗe take, sai ka janye izini da hannunka. Kuma akwai abubuwan da kwafin ma'ana ba ya ɗauka sam: canjin tsarin tebur, manyan abubuwa na `large object`, da matsayin `sequence`. Na ƙarshen nan yakan ba mutane mamaki. Layuka miliyan sun iso da lambobinsu, amma ma'aunin da ke ba da sabuwar lamba a mabiyiya yana nan a farko. Ranar sauya sheƙa, wato ranar da mabiyiya ta zama uwa, shigarwar farko za ta yi karo da layi mai lamba 1. Sai an bi kowane `sequence` da `setval` kafin a buɗe ƙofa. Canjin tsarin tebur kuma, in ƙarin gurbi ne, a fara yi a mabiyiya sannan uwa.

Mataki na 6: Auna tazara da ma'aunin da ba ya ruɗi

`Seconds_Behind_Source` yana auna nisan abin da mabiyiya ke gudanarwa ne daga cikin abin da ta riga ta jawo. In layin sadarwa ya yi nauyi, kundin yana isowa a hankali, za ta gama ɗan abin da ke hannunta ta nuna maka sifili, alhali uwa ta yi nisa. Maganinsa bugun zuciya: uwa ta riƙa rubuta lokaci a wani ƙaramin tebur duk daƙiƙa, kai kuma ka karanta shi a mabiyiya ka kwatanta da agogo. Aikin `pt-heartbeat` ke nan. A PostgreSQL duba `replay_lag` cikin `pg_stat_replication`, ka kuma sa ido a kan `pg_replication_slots`. Gurbin kwafi (`slot`), wato alamar da ke sa uwa ta riƙe wa mabiyiya kundi, in an bar shi bayan an kashe mabiyiyarsa zai sa uwa ta riƙa tara `WAL` har faifai ya cika ta tsaya. Tun siga 13 akwai `max_slot_wal_keep_size` don sa masa iyaka.

Tazara tana gurɓata bayanai ta wata hanyar da ba ruwan mai kula da rumbu kai tsaye. Manhaja ta karanta adadin kayan da ya rage daga mabiyiya, ta cire ɗaya, ta rubuta sakamakon a uwa. Idan mabiyiyar tana baya da daƙiƙa uku, tsohuwar lamba aka rubuta a kan sabuwa, kuma wannan kuskuren a uwa yake, zai bazu ko'ina cikin aminci. Gaya wa masu rubuta manhaja: duk karatun da rubutu zai biyo bayansa, daga uwa ake yin sa, cikin ma'amala ɗaya.

Mataki na 7: Ranar da kwafi ya tsaya

Za ka ga ɗaya daga lambobi biyu a MySQL. 1062 na nufin an zo saka layi an tarar da mai wannan mabuɗin. 1032 na nufin an zo canza layi ko goge shi ba a same shi ba. Shawarar da ta fi yawo a intanet ita ce a tsallake da `sql_replica_skip_counter=1`, ko a cusa ma'amala marar komai mai wannan GTID, a sake kunnawa. Kwafin zai tashi kuwa. Amma kuskuren ba shi ne ciwon ba, shaida ce cewa sabar biyun sun riga sun rabu tun kafin yau. Kuma tsallakewa ma'amala sukutum take jefarwa. In tana ɗauke da canji a tebur biyar, ɗaya ne ya yi karo, ka yar da huɗu masu lafiya. Mafi muni shi ne `replica_skip_errors` a fayil ɗin saiti. A ganina wannan bai da gurbi a rumbun da ake ji da shi, domin ya mai da mabiyiya mai haɗiye kowane saɓani ba tare da ta faɗa wa kowa ba.

Ga yadda ake yi. Cire mabiyiyar daga cikin waɗanda manhaja ke karatu a kansu. Karanta `Last_SQL_Error` ka samu sunan tebur da matsayin. Buɗe kundin da `mysqlbinlog -v --base64-output=DECODE-ROWS` ka ga ainihin layin. Jawo layin daga uwa, jawo shi daga mabiyiya, ka ajiye su gefe da gefe. Sannan ka tambayi kanka yadda aka yi suka bambanta: rubutu ne ya shiga mabiyiya, ko mutuwar wuta ce ta sa aka maimaita ma'amala, ko wani ya gudanar da umarni a uwa da `sql_log_bin=0`? In layi ɗaya ne kuma ka gano dalili, gyara layin a mabiyiya yadda ma'amalar za ta wuce da kanta, ba tare da tsallake ba. In ba ka gano dalili ba, rushe mabiyiyar ka sake gina ta daga mataki na 4. Awannin da ginin zai ci sun fi sauƙi a kan zama da sabar da ba ka yarda da ita ba.

Mataki na 8: Kwatanta abin da ke ciki, a kai a kai

`pt-table-checksum` na Percona Toolkit yana yanka kowane tebur gunduwa-gunduwa, ya lissafa tambarin kowace gunduwa a uwa, ya aika umarnin lissafin ta cikin kundin kwafi don mabiyiya ta yi nata a daidai wannan matsayi. Shi ya sa tazara ba ta ruɗa shi. Gurbin `DIFFS` a sakamakon ya zama sifili. In ba sifili ba ne, `pt-table-sync` zai iya gyarawa, amma fara da `--print` ka karanta abin da yake niyyar yi kafin `--execute`. Wani lokaci layin da ke mabiyiya shi ne na gaskiya, musamman bayan sauya sheƙa da ba a yi shi da tsabta ba. Tsara shi ya riƙa gudana duk mako, da kuma bayan kowane tsayawa ko sabuntawa.

A PostgreSQL kwafin zahiri ba ya rabuwa ta wannan fuska, amma faifai na iya lalata shafi. Duba `SHOW data_checksums`. In a kashe yake, `pg_checksums` na kunna shi, sai dai sabar tana kashe ake yi. `pg_amcheck`, daga siga 14, yana binciken teburi da fihirisa. Ga kwafin ma'ana sai ka haɗa naka: `md5` na layuka bisa zangon mabuɗi, a ɓangarorin biyu, lokacin da rubutu ya lafa.

Mataki na 9: Sauya sheƙa, da hana uwa biyu

A ranar 21 ga Oktoba 2018, sadarwa ta yanke na daƙiƙa 43 tsakanin babbar cibiyar bayanan GitHub, dandalin ajiye lambobin manhaja, da ke gabashin Amurka da sauran cibiyoyinsa. Manhajar Orchestrator ta yi abin da aka saita ta ta yi, ta ɗaga sabar yammacin ƙasar suka zama uwaye. Da layi ya dawo, gabas na riƙe da rubutun 'yan daƙiƙu da bai isa yamma ba, yamma kuma ta karɓi sabon rubutu da gabas ba ta da shi. Ba a iya komawa ko wane ɓangare ba tare da asara ba, kuma sai da aka yi awa 24 da minti 11 kafin aiki ya daidaita.

Sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya. Kafin ka ɗaga mabiyiya, tabbatar tsohuwar uwa ba za ta iya karɓar rubutu ba: kashe injin, ko toshe tasharta a katangar sadarwa, ko janye adireshin da manhaja ke bi. Rashin amsa kira ba mutuwa ba ne, tana iya kasancewa da rai a bayan layin da ya yanke. Patroni, ga masu PostgreSQL, yana yin wannan da makulli da ake ajiyewa a wata manhaja ta daban, etcd ko Consul, wanda uwa za ta sauka da kanta in ta kasa sabunta shi. Bayan haka zaɓi mabiyiyar da ta fi kowa nisa a kundi, bar ta ta gama gudanar da duk abin da ta jawo, sannan ka buɗe ta. Tsohuwar uwa in ta farfaɗo, kwashe kundinta ka adana tukuna, domin a can ne kaɗai ma'amalolin da suka maƙale suke. Sai ka mai da ita mabiyiya da `pg_rewind` ko sabon gini. Lura cewa `pg_rewind` na buƙatar `wal_log_hints=on` ko tambarin shafuka, wato `data_checksums`, tun kafin ranar.

Mataki na 10: Ajiyar ko-ta-kwana daban take

`DROP TABLE` da aka buga bisa kuskure zai isa mabiyiya kafin ka ɗage yatsa. A ranar 31 ga Janairu 2017 kwafin PostgreSQL na GitLab, wani dandalin ajiye lambobin manhaja, ya tsaya, wani injiniya yana ƙoƙarin share jakar mabiyiya don sake gina ta, umarnin ya faɗa kan uwa, kusan gigabayit 300 suka tafi. Da aka waiwayi ajiyar `pg_dump` sai aka tarar ba ta aiki, saboda sigar 9.2 ake gudanarwa a kan rumbu mai siga 9.6, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isowa. Wani hoton faifai da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan awannin nan shida kuwa sun tafi.

Don haka ka riƙe cikakkiyar ajiya a wani wuri daban, tare da kundin canje-canje, yadda za ka iya komawa kowane minti ka zaɓa. Duk wata ka dawo da ita a wani injin gwaji, ka ƙirga layuka, ka auna tsawon lokacin da ta ci. Sa sunan sabar da matsayinta su fito ɓaro-ɓaro a layin umarni, launin uwa daban da na mabiyiya.

Sannan ka ware mabiyiya ɗaya mai jinkiri da gangan: `SOURCE_DELAY=3600` a MySQL, `recovery_min_apply_delay='1h'` a PostgreSQL. Kada manhaja ta yi karatu a kanta, kada kuma a saka ta cikin waɗanda za a iya ɗagawa kai tsaye. In an yi ɓarna a uwa, abu na farko shi ne dakatar da ita, `STOP REPLICA SQL_THREAD` ko `pg_wal_replay_pause()`. A MySQL sai ka nemo GTID na mugun umarnin a cikin `binlog`, ka mai da jinkirin sifili, ka buga `START REPLICA UNTIL SQL_BEFORE_GTIDS` da wannan lamba. Za ta tsaya dab da shi, ka kwashe teburin daga can ka mayar wa uwa. Awa ɗaya ta isa in akwai mai gadi dare da rana. In babu, ƙara jinkirin ya wuce tsawon lokacin da sabar ke kwana ba mai kallonta, kuma ka tabbatar uwa tana riƙe kundinta fiye da haka.